A'a Goma Sha Takwas

…goma sha takwas ke nan, har da ta safiyar yau. Sati shida, uku-uku, ba fashi. Ni ɗin nan fa. Ni da ko kazar maƙwabta ce ta hau mini tabarma sai in matsa mata ta sake. A'a goma sha takwas, kowacce da ranarta, kowacce da wanda ya sha ta, ga su nan a jere cikin ɗan littafina mai koren bango. Yau Koci za ta san ba zuwan wasa nake yi ba.

Biyu saura kwata. Ƙarfe biyu ta kira ni ciki, minti arba'in da biyar mu gama, in sauka in tare tasi, kafin uku da rabi ina bakin tagar ofishin makarantar in miƙa fom ɗina. Ƙarfe huɗu suke rufe karɓa, daga yau kuma sai baɗi. Akwai lokaci. Komai a tsare yake, yadda nake jera kwalabe a kanti, manya a baya, ƙanana a gaba.

Fankar nan har yau ba a gyara ta ba. Ta juya dama lafiya lau, ta juyo hagu sai ƙat-ƙat-ƙat. Kujerun roba huɗu, ni kaɗai. Furen roba a lungu… wa yake zuba wa furen roba ruwa? Ga ƙasan tukunyar a jiƙe. Daga ƙasan bene injin mai aski yana ta zuuu, a cikin ofis kuma wani namiji yana magana ƙasa-ƙasa, ya ja hanci. Yi kukanka, bawan Allah. Takardar share hawaye tana gefen hagunka, ni na san wurinta. Mu mun wuce wannan ajin.

Koci. Ranar da na gaya wa Baban Yara zan fara zuwa wurin koci, ajiye cokali ya yi ya dube ni sama da ƙasa — "Ƙwallo za ki fara da shekara arba'in da ɗaya? Gola ko 'yar gaba?" Ya yi dariya har ya ƙware. Ban kula shi ba. Ai ba shi likita ya ɗaure wa hannu da abin awon jini ba, ya duba, ya sake dubawa, ya ce malama me ke damun ki haka? Ba komai, likita. Ba komai ne ya kai jininki nan? Ciwon kai kullum la'asar, abinci ba ɗanɗano, kuka ba dalili a banɗakin wurin aiki, in wanke fuska in fito in ce wa mai saye sannu da zuwa. Abokiyar aikina ce ta turo mini lambarta. Ta ce ba magani take bayarwa ba, ba kuma wa'azi take yi ba, zama kawai za ku riƙa yi har ki gane inda kika dosa.

Yarinya ce ma a kaina, da ɗan gilashinta. Zaman farko — "Me kike so?" Na buɗe baki na zuba: ina so Babba ya ci jarrabawa, ƙafar Umma ta yi sauƙi, shagon Yaya ya bunƙasa, Baban Yara ya rage shan sukari… Ta bari na gama tas. "Na ji nasu. Ke fa?" Ni? Wace ni kuma? Na ji haushinta ranar, wallahi, na ce a raina wannan ba ta san girman manya ba. Sai a zama na uku maganar ta fito, ita ma da ƙyar. Shekara goma sha shida ina tsaye a kantin magani, in ɗauko, in naɗe, in miƙa. Likitan da ban iya karanta rubutunsa ba, ba a haife shi ba tukuna. Samarin nan masu farar riga da ake kawo mana da takardunsu, ni nake raɗa musu a kunne — duba da kyau, na yaro ne, rabi ake bayarwa. Su sa hannu, ni in naɗe. To ina so in sa hannu. Shi ke nan abin da nake so. In sa farar riga, in dubi tsohuwa in ce ki sha ɗaya da safe ɗaya da yamma, ba tare da na waiwaya neman izinin ɗan cikina ba.

Kuma ashe hanya tana nan tun tuni! Aji na ma'aikata irina, kowace Asabar, takwas na safe zuwa huɗu, shekara biyu, ki fito da takardar shaidarki. Koci ta ce madalla, to ina Asabar ɗin za ta fito? Ta sa na zana satina a takarda, awa-awa, in shafa ja duk inda lokacin na wani ne ba nawa ba. Biron ja har ya fara ƙarewa. Nan ta ba ni aikin gida: a'a uku kowane sati. Babu "saboda", babu "yi haƙuri", babu ƙaryar ciwon kai. Ki ce a'a, ki rufe bakinki, ki ƙirga biyar a zuci. In kin dawo gida ki rubuta.

Ta farko, maƙwabciyata mai aron dutsen guga. Shekara uku dutsen nan ya fi sanin ɗakinta a kan nawa. Ta leƙo — "Maman Babba, ɗan ara mini…" A'a. Ɗaya… biyu… zufa har a bayan gwiwa… uku, huɗu, biyar. Duniya ba ta tashi ba! Ta juya ta tafi. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado ina dariya ni kaɗai, na jona dutsen na goge ɗankwalin da ba ya ma buƙatar guga.

Daga nan hannu ya faɗa. Sabuwar ma'aikaciyarmu, wai mu yi musanyar rana za ta bikin ƙawarta: a'a. Mai tallan turare da ke sa ni shinshina kwalba takwas kowace Laraba: a'a. Baban Yara da maɓallin rigarsa — allura na nan cikin gwangwani, a'a — ya ɗaga hannu sama ya ce Koci ta ci ɗaya. Mai gadin kantinmu, an tashi, na riga na rataya jaka, wai in ɗan auna masa jini: a'a. Auta da takardar ranar wasannin makarantarsu, wai iyaye za su zo kallo, ranar hutuna ɗaya tak: a'a. Wani daɗi ne da abin, wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Kafaɗuna sun sauko daga kunnena. Ciwon kan la'asar ya ragu, wannan ba ƙarya ba ce, ni da kaina na auna, jinin ya sauka. A gidanmu a da, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. To jakin ya koyi tsayawa.

Fom ɗin yana jaka, cikin ambulan, da hotuna biyu. Na cike komai da manyan baƙaƙe. Layi ɗaya ne ya rage, can ƙasa: na yi alkawarin halartar kowace Asabar, in na yi fashi uku a sallame ni. Sa hannu, kwanan wata. Zan sa a tasi. Ko a bakin tagar ma, ai suna ajiye biro ɗaure da zare. Ba wani abu ba ne.

Yaya ne kawai ban gaya wa ba tukuna.

To ai ba a samu lokaci ba ne. Mutum ne mai hidima, magana irin wannan kuma ba ta waya ba ce, sai an zauna. Asabar ɗin da ta wuce na so in faɗa, sai ga motar kaya. Wadda ta gabace ta yana mura. Shagon fenti ne, ba asibiti ba — in zauna masa daga safe zuwa la'asar, shi ya zaga wuraren gini ya ga masu aiki. Asabar ɗaya kawai, ƙanwata, kafin in sami mutum. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana neman mutumin. Ba na ƙorafi fa. Na iya aikin. Mace ta shigo da ƙyallen labulenta ta ce irin wannan take so, in duba sau ɗaya, in ce fari bokiti guda, ɗigon rawaya uku, ja rabin ɗigo, a juya, a shafa a kwali, ta riƙe baki. Masu fenti suna zuwa ranar Talata a ce ga Yaya, su ce a'a sai Asabar, Antin Asabar muke so. Warin kananzir a mayafina har Lahadi. Makullin a jakata yake kwana, ga shi ma ina jin sa da yatsa, mai igiyar shuɗi. Ko matarsa bai ba ta ba. Ke kaɗai na yarda da ke, Hannun Dama.

Rigar Baba ta yi wa Yaya yawa, hannun ya rufe yatsunsa. Ranar iyaye a makarantarmu, ina shekara goma sha biyu, wata huɗu da rasuwar Baba, kowa da ubansa, ni ina kallon ƙofa. Sai ga shi, ɗan shekara goma sha tara, da farin fenti a gefen kunne bai wanku ba, ya zauna a layin gaba cikin manyan mutane ya harɗe ƙafa. Malami ya ce kai ne wa? Ya ce ni ne babanta. Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya bar nasa karatun ya ɗauki bokiti, bai taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya, ko cikin fushi…

Wannan ba ya hana a'a. Koci ta faɗa, kuma gaskiya ce: ƙauna daban, iyaka daban. Mutum goma sha takwas — to, wasu sun sha sau biyu — na dube su ido cikin ido. Wanda ya iya ninƙaya a kogi tafki zai gagare shi? Zan gaya masa. Yau ma in an matsa. Ina miƙa fom in kira shi, shi ke nan, ya ji an riga an gama.

Jiya da la'asar ya kira. Ranar Asabar ki zo da wuri, sabon kaya zai iso. Na ce to, Yaya. Ban rubuta ba, ai littafin na a'a ne, ba na to ba.

Biyu saura bakwai. Bari in duba aikin gida kafin ta buɗe ƙofa, kada in yi ta in'ina. Satin jiya ta ƙara mini wani abu: ki koma tun daga ta farko, ki ja layi a gefe, ki rubuta abin da kowa ya ce bayan kin ce a'a. Na yi, tsaf, jiya a kanti da ba kowa. Ban dai karanta a jere ba. Me za a gani a ciki? Nasara ce dai daga sama har ƙasa.

Maƙwabciya: ta ce to. Sabuwar ma'aikaciya: ta ce yi haƙuri, Anti. Mai turare: ya ce Allah ya kai mu wani satin. Baban Yara: dariya. Maƙwabciya kuma: ta ce to. Mai gadi: ya ce Allah ya huci zuciyarki, ya saukar da hannun rigarsa da ya riga ya naɗe. Auta: ta ninke takardar huɗu ta sa a aljihu.

Kin gani? Ba wanda ya mutu. Abin da Koci take so in gani ke nan — mutane suna iya ɗauka. Tsoron a kaina yake kawai. Ba wanda ya yi gardama, ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda…

Ba wanda ya yi gardama.

Ko ɗaya? Cikin goma sha takwas?

To ai kyau ne. Alama ce na iya faɗa, da nutsuwa, da murmushi. Manaja fa, da ya ce in tsaya har a rufe ranar Talata alhali ba juyina ba ne? Wannan aiki ne, daban. Gwaggo da ta aiko a ce in raka ta asibitin ido, 'ya'yanta huɗu suna gari? Gwaggo ce, wa zai iya da bakinta, ta tara mini dangi kafin magariba. Matar Yaya da ta turo yara uku ranar Lahadi ba ko sanarwa? A ranar na riga na cika ukuna na satin, ai ba a ce a wuce uku ba.

Fankar nan. Ƙat-ƙat-ƙat. Ya kamata wani ya gaya mata.

Ta goma sha takwas ban cike gefenta ba, da safen nan ce. Ina ɗaura ɗankwali ina tunani: Alhamis ta yi, biyu kawai gare ni, ƙarfe biyu zan shiga wurin Koci, sati biyar ban taɓa zuwa da giɓi ba, yau ne zan fara? Ina ta addu'a wani ya roƙe ni wani abu. Na leƙa tsakar gida ko maƙwabciya za ta fito, ta daina zuwa. Sai waya. Umma. 'Yar nan, kin tashi lafiya? Farcen babban yatsan nan ne ya fara shiga nama, ko za ki biyo in kin tashi aiki? Zuciyata ta yi tsalle — wallahi tsalle ta yi, na murna — ga ta uku ta kawo kanta. A'a, Umma. Na rufe baki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ina jin numfashinta, ina jin rediyonta can baya.

To. Allah ya yi miki albarka.

Ga biro. Rubuta mana. Umma: ta ce Allah ya yi miki albarka.

Mai ciwon sukari ba ya yanke farcen ƙafa da kansa. Sau nawa na faɗi wannan a kanti? Baba, kada ka sa reza, ka bari wani mai ido ya yanke maka, ɗan rauni a ƙafa shi ke kai mutum ga… Ni nake faɗa, da bakin nan. Idonta ba ya ganin yatsan ma, laluba take yi. Kuma na san inda take ajiye rezar, ƙarƙashin faifan da ke kan akwati. Matar da in ruwan randarta ya ƙare sai ta haƙura da ƙishi don kada ta dami kowa. Kwana nawa ta yi tana takawa da ciwo kafin ta ɗaga waya? Ruwan ɗumi a roba, ɗan gishiri, ƙafarta a cinyata, tana ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, minti ashirin ne gaba ɗaya. Ina son minti ashirin ɗin nan. Cikin satina kaf babu abin da nake so kamar su. Da na shafa ja a takarda ma, wurin nan ban shafa ba.

Ba komai, zan biya. Daga makarantar in wuce kai tsaye, kafin biyar ina can. Ba za ta taɓa reza da rana tsaka ba, barci take yi bayan azahar. Wannan mai gyaruwa ne. Kuskure ɗaya cikin goma sha takwas, ai ɗalibi ma ya ci.

Ɗaya ne?

Hannun rigar mai gadi. Tsoho ne, minti biyu ne awon, injin yana kan tebur a gabana. Kansa ke juyawa, in ji shi. Ban ma tambaye shi washegari ba. Auta kuwa ta zo ta biyu a gudu, a bakin Babba na ji, ita ba ta gaya mini ba, ni kuma ranar ina gida a kwance ina kallon rufi, ina hutawa, ina kula da kaina. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa. Na bi gida da kanti ina tsintar waɗanda in na ture su ba za su ture ni ba, na jera su a littafi, kowane sati in kawo wa yarinya mai gilashi ta ce mini sannu da ƙoƙari. Ta kuwa tambaye ni! Sati biyu da suka wuce, tana goge gilashin — "A cikinsu wacce ce ta fi yi miki nauyi?" Na ce duk ɗaya ne, Koci, na saba. Ta dube ni, ta rubuta wani abu. Ashe layin nan da ta sa na ja a gefe… ta sani. Ta bar ni ne in karanta da idona. Ja'ira.

Awa nawa a'a goma sha takwas suka samo mini ranar Asabar? Tun farko ai don Asabar aka fara. Takwas zuwa huɗu. Dutsen guga bai ba ni ko minti ɗaya ba.

To shi ke nan, an gane. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma in ranar ta riske ka ba ka fafe ba, ai sai ka fafe. Ni ba raguwa ba ce. Wadda ta haifi biyu, ta tsaya shekara goma sha shida a kan ƙafafunta, ta yi wa ɓarawon magani tsawa ya ajiye ya gudu? A'a ɗaya ce ta rage, ita ce dama ta gaske, sauran duk share fage ne. Yanzu. Kafin in sa hannu, ba bayan na sa ba, ba zan yi wa Yaya ta bayan gida ba.

Ƙofa. Mutumin ya fito, idonsa ja, yana gyara hula, bai dube ni ba. Koci a tsaye da murmushinta.

"Maman Babba, shigo."

"A'a, Koci. Ba ni minti biyar."

"To."

Ita ma to. Goma sha tara, kuma ita ma ta banza.

Matakalar bene. Ƙunci, warin hodar aski da sabulu, ɗan taga mai raga. Biyu da minti uku. Sunan Yaya ne na biyu a waya, ƙarƙashin Umma. Hoton da Babba ya saka masa, yana dariya, da gibinsa na gefe. Na danna.

Wayar tana shiga.

Na san yadda za a yi. Zai yi shiru tukuna, shirun nan nasa mai tsawo. Sannan — ni za ki yi wa haka? Yanzu da kaya ke zuwa? Wa ya zuga ki, mijinki ko wannan kocin? Zai kira Umma, zai kira Gwaggo, sati biyu ba zai ɗauki wayata ba. Na shirya. In tsaya, in ƙirga biyar, goma ma in ta kama. Yaya, Asabar tawa ce daga yau, na sami makaranta. Ba saboda, ba yi haƙuri. Ai faɗa ba ya kisa. Ya yi ya gama, wata rana shi zai zo ranar ba da takarda ya zauna a layin gaba.

Tana shiga, bugu na biyu. Wataƙila yana saman tsani.

Da na haifi Auta, Asabar shida ban je ba. Ina kwance ina juyi: shagon nan ya kife, an haɗa shuɗi da kore, masu fenti sun gudu. Ban gama warwarewa ba na goya ta na tafi, ina sauri, ina shirya yadda zan gyara ɓarna. Na tarar da ƙasa a share. Bokitai a jere, launi-launi, an ma sake wa kwalayen gwaji wuri, ya fi nawa kyau. Yana cin gyaɗa a bakin ƙofa. Kin dawo? Ga makullinki. Shi ke nan abin da ya ce. Ban tambayi wa ya zauna ba. Shekara tara ban tambaya ba. Na shiga ciki na mayar da kwalayen inda suke a da, raina a ɓace, ban san da wa nake fushi ba.

Na uku.

In kuma bai yi shiru ba fa? In ya ce — makaranta? Kai, madalla, ƙanwata, me ya hana ki faɗa tun tuni? Aiko da makullin, matata ta zauna, ko in rufe rabin rana, Asabar ai ba ciniki sosai. Da muryar da mutum ke cewa a matsar da kujera. Ya koma kan tsaninsa. Shekara goma sha ɗaya… bukukuwan da ban je ba, wankin da nake yi ranar Lahadi da ciwon baya, ajin nan da aka buɗe aka rufe sau goma ina wucewa ta gabansa a tasi… in ya zamana ba wanda ya riƙe ni? In Asabar ɗaya ɗin ya roƙa da gaske, sauran ni na yi ta kai kaina, shi kuma ya ga ina so ya ƙyale ni, yana ce mini Hannun Dama don in ji daɗi?

Bari in zauna a matakalar nan, ko da ƙura.

Na huɗu. Ba faɗansa nake tsoro ba ashe. Sati shida ina wasa wuƙa, ban taɓa tsoron faɗansa ba.

Ka yi faɗa, Yaya. Ka ɗaga murya mai aski ya jiyo daga ƙasa. Ka ce ba za ka iya ba in ba ni, ka ce shagon zai rushe, ko ƙarya ce ka faɗa, ni kuma in ce maka a'a in tafi makarantata da ƙarfina. Don girman Allah ka yi faɗa…

"Hannun Dama! Ya aka yi?"